In ambaliya ta tare hanya, mota kuma ta mutu

A wannan makon ina so mu yi magana a kan wani irin haƙuri da ba a cika kawo shi a wa'azi ko a hirar tsakar gida ba. Mun saba jin haƙurin zaman aure, haƙurin rashi, haƙurin ciwo. Wanda nake nufi shi ne haƙurin awa uku ko na dare ɗaya a bakin hanya, ruwa ya sha gabanki, mota ta ƙi tashi, yara suna kuka a kujerar baya, magariba tana matsowa. Abin da aka yanke a cikin minti biyar na farko a irin wannan wuri shi ne yakan raba iyalin da suka kwana a hanya da iyalin da aka je neman gawarsu da safe.

Zan yi maganar ne daga ɓangarori biyu, aikina na jinya da kuma bangaskiyata ta Kirista. 'Yan'uwana Musulmi da ke karanta wannan shafi, ku ma ku matso, domin ruwa ba ya tambayar addinin wanda ke cikin mota, kuma yawancin abin da zan faɗa kun san shi a naku karatun.

Hanyar da muke bi

Duk wadda ta san Dawanau ta san titin Kano zuwa Katsina ba ya barci. Kasuwar hatsi tana nan a ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, tireloli suna lodin gero, masara, wake, riɗi da zoɓo, wasu har Nijar da Chadi. Amma da kin sauka daga kwalta kika nufi ƙauyuka, sai ki shiga wata duniya: gona tana manne da gona, burtali yana ratsa tsakaninsu, ga kwari, ga kududdufan da aka haƙa ƙasar gini, ga ƙananan kwalbatoci da aka yi su don ruwan da bai kai na yanzu ba. A watan Agusta, lokacin da ruwan Kano ya fi yawa, ƙasa takan sha ta ƙoshi. Ruwan awa ɗaya ya isa ya mayar da burtali rafi. Wani lokaci ma a inda kike ko yayyafi ba a yi ba, ruwan da aka zuba a can gaba ne ya gangaro ya same ki.

Ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Manyanmu suna tuna Agustan 1988, lokacin da madatsar ruwa ta Bagauda ta ɓalle. A 2022 ambaliya ta kashe fiye da mutum 600 a Nijeriya, ta raba sama da miliyan ɗaya da gidajensu, maƙwabciyarmu Jigawa tana cikin jihohin da suka fi jin jiki. A Agustan 2024 ruwa ya yanke titin Kano zuwa Maiduguri a yankin Azare, matafiya suka yi cirko-cirko. A Satumbar 2024 madatsar Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri. A ƙarshen Mayun 2025 kuma aka wayi gari da abin da ya faru a Mokwa. In babban titin gwamnatin tarayya zai iya rabewa biyu, ki yi tunanin kwalbatin da ke hanyar ƙauyenku.

Ƙarfin da ido ba ya gani

Kin san nauyin jarka mai lita 25 idan ta cika. Kilo 25 ke nan. Ruwan da zai cika akwati mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, zurfin mita ɗaya, nauyinsa kilo 1,000 ne, daidai da buhu 10 na masara mai kilo ɗari-ɗari. Yanzu ki ɗauka waɗannan buhunan suna tahowa a guje, wani na bin wani, suna dukan gefen mota ba hutu.

Hukumar hasashen yanayi ta Amurka ta daɗe tana gargaɗin direbobi da lissafi mai sauƙi. Ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba, wato ya ɗan haura idon sawu, zai iya kayar da babban mutum. Santimita 30 zai iya ɗaga ƙaramar mota ya tafi da ita. Santimita 60, wajen gwiwa ko sama kaɗan, zai iya jan jif da akori-kura. Mota ai akwati ce mai iska a ciki. Da ruwa ya kai cikinta sai ta fara yin sauƙi kamar ƙwarya, tayoyi su saki ƙasa, daga nan birki da sitiyari sun zama ado.

Abu na biyu, ruwan ambaliya ja ne, ba a ganin ƙasansa. Direban da ya ce ya san hanyar nan kamar tafin hannunsa, hanyar jiya ya sani. Ruwa yakan cinye ƙasar da ke ƙarƙashin kwalbati ya bar saman a rataye.

Na uku ya shafi inji. Inji yana shaƙar iska kamar yadda muke shaƙa. Idan ya shaƙi ruwa, fistin ba zai iya matse shi ba, sai ƙarafan ciki su lanƙwashe ko su karye. Shi ya sa in mota ta mutu a cikin ruwa, a cire makulli a bar ta. Kowane murɗa makulli yana iya mayar da gyaran 'yan dubbai ya koma sayen wani inji.

Daren da muka kwana a hanya

A wata damina da ta wuce muna dawowa daga gaisuwar rasuwa a wani ƙauye da ke bayan Dawanau, ni da maigida da yaranmu biyu, da wata 'yar'uwa ta zumuntar mata mai goyon wata huɗu. Ruwa ya kama mu a kan burtali. Muna cikin lallaɓawa sai motar ta yi tari sau biyu ta mutu a kan wani ɗan tudu. A gabanmu, kamar tafiyar minti biyu, kwarin da muka tsallaka da safe ya cika ya shafe kwalbatin. Da muka waiga, bayanmu ma ruwa ne.

Masu babura suka taru, kowa da shawararsa. Wani ya ce a tura motar a kan giya, in ta tashi a shiga da gudu. Wani ya ce zai goya yaran ɗaya bayan ɗaya ya tsallakar da su. 'Yar'uwar nan ta damu ƙwarai saboda ta bar wasu yaran a gida. Maigida ya dube ni, na dube shi, ya zare makullin ya sa a aljihu.

Can sai ga wani dattijo da fartanya a kafaɗa, ya tsaya ya ƙare wa ruwan kallo.

Ya ce wa maigida, "Malam, wannan ruwan ba ya sauka kafin asuba. Ka bar motar, ba mai taɓa ta. Iyali su zo su shiga daga ciki."

Na ce, "Baba, kada mu takura muku."

Ya ce, "'Yar nan, baƙo ai da arzikinsa yake zuwa. Ɗauko yaran."

Matarsa ta ba mu busassun zannuwa, ta dama kunu, ta shimfiɗa mana tabarma a ɗakinta ta sauke gidan sauro. Ta ga gicciyen da ke wuyan 'yar'uwata, abin da ta tambaya kawai shi ne ko jaririn ya sha nono. Da suka tashi sallar isha'i, mu ma muka haɗa kai a ɗaki muka yi tamu addu'ar. Gari na wayewa ruwa ya janye, aka ga rabin kwalbatin ya tafi, ya bar rami da zai haɗiye motarmu har rufi. Bakanike ya zo a kan babur, ya busar da fulogi da wayoyi, ya duba ya ga ruwa bai shiga inji ba, muka zagaya ta wata hanya.

Ba na kawo wannan don in ce duk motar da ta mutu akwai alheri a ɓoye a ciki. Akwai waɗanda suka yi duk abin da ya kamata amma suka yi asara. Abin da na gani da idona shi ne, jiran da ya yi mana ɗaci da yamma, da safe ba wanda ya yi nadamarsa.

Bangaskiya ko gwada Allah

A irin wannan wuri wata murya takan taso a zuciyar mai bi: ai Allah yana tare da mu, mu shiga da sunan Yesu. Na sha jin wannan a motar haya, har a kalli wadda ta ce a tsaya kamar mai ƙarancin bangaskiya.

Ki koma Matiyu sura 4. Shaiɗan ya kai Yesu kan ƙololuwar Haikali, ya ce ya diro tunda an yi alkawarin mala'iku za su tare shi. Har aya ya jawo masa daga Zabura. Yesu ya ƙi, ya nuna masa cewa jefa kai cikin haɗari don a tilasta wa Allah ya yi ceto gwada Ubangiji ne. Idan shi ya ƙi dirowa daga Haikali, ba mu da hujjar tura mota cike da yara cikin kwari mu ce bangaskiya ce.

Sannan ki dubi Nuhu a Farawa sura 7 da 8. Yara a makarantar Lahadi sun haddace kwana 40 na ruwa, amma zamansa a jirgi ya ɗan haura shekara guda. Da ruwa ya fara janyewa bai buɗe ƙofa ya fita ba. Ya saki hankaka. Ya saki kurciya, ta dawo. Ya jira kwana 7 ya sake sakinta, ta dawo da ganyen zaitun. Ya ƙara kwana 7. Ko bayan ya buɗe rufin jirgin ya ga ƙasa ta fara bushewa da idonsa, sai da ya ƙara kusan wata biyu a ciki kafin umarnin fita ya zo. Mutumin da Allah ya yi magana da shi kai tsaye ke nan, amma yana auna ruwa, yana duba alama, yana jira. Mu ma haka za mu yi: a kafa sanda ko a ajiye dutse a bakin ruwa, a duba bayan rabin awa ko yana hawa ko yana sauka.

Wanda ya fi burge ni a matsayina na ma'aikaciyar jinya shi ne Manzo Bulus a Ayyukan Manzanni sura 27. Mutum 276 a cikin jirgi, mako biyu guguwa tana jifa da su a teku. Tun farko ya ba da shawara kada a yi tafiyar, ba a saurare shi ba. Allah ya tabbatar masa ba wanda zai mutu, amma hakan bai sa ya naɗe hannu ba. Da matuƙan jirgin suka so sulalewa a ƙaramin kwalekwale ya sanar da shugaban sojoji aka hana su. Da ya ga mutane sun galabaita saboda rashin cin abinci, ya ɗauki gurasa ya yi godiya a gabansu ya ci, ya sa kowa ya ci don su sami ƙarfin kai gaci. Addu'a da cin abinci da sa ido duk suka tafi tare. A sura 28 kuma, mutanen tsibirin Malita, waɗanda ba su san su ba, su ne suka hura musu wuta saboda ruwa da sanyi. Duk lokacin da na karanta wurin nan sai in tuna tsohuwar da ta dama mana kunu.

Haƙurin mai bi yana da aiki a hannu. Ga aikin.

Minti biyar na farko

Ki fara duba inda motar take. Idan tana kan tudu ko gefen hanya kuma ruwa bai kai gare ta ba, zama a ciki ya fi. Idan ana tsawa da walƙiya, cikin mota ya fi gindin bishiya tsaro nesa ba kusa ba. A kunna fitilun gargaɗi, musamman a babban titi inda tireloli ke wucewa cikin duhu.

Idan ruwa ya kewaye motar amma a kwance yake, bai yi zurfi ba, kuma ana ganin yana hawa, a fita a nufi tudu tun da sauran haske. A bar kaya. Babba ya riƙe sanda yana dogara ƙasa a gaba, ƙananan yara a goye ko a kafaɗa.

Idan ruwan mai gudu ne da ƙarfi, kada a sauka cikinsa. A zauna a motar a sauke gilasai, in ya fara shigowa yana hawa a fita ta taga a hau rufi.

Idan kuwa, Allah ya kiyaye, motar ta faɗa ruwa mai zurfi tana nutsewa, kuna da kamar minti ɗaya. A cire bel, a sauke gilas nan take tun lantarkin motar bai mutu ba, a fitar da yara ta taga, a fara da babban domin ya iya riƙe kansa ki samu hannun ɗaukar ƙaramin. Ƙofa ba za ta buɗu ba saboda nauyin ruwa, kuma wannan ba lokacin neman waya ba ne.

Bayan kun sami wuri mai tsaro sai a yi kira. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, ta hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC kuma 122. Jami'an kashe gobara na jihar Kano su ma suna aikin ceto a ruwa. Ki tura wa mutum biyu saƙon inda kuke, ta WhatsApp in akwai intanet, in babu ki tura saƙon tes, domin yakan wuce a inda kira ya ƙi shiga. Daga nan a rage hasken waya a ajiye ta. A bar ɗaukar bidiyo, cajin zai yi amfani da tsakar dare.

Kula da yara har gari ya waye

Sanyi ne abokin gaba na farko. Jariri yana rasa ɗumin jiki da sauri fiye da babba, kuma ba ya iya faɗa. Ki cire masa jiƙaƙƙun kaya, ki goge shi, ki sa shi a ƙirjinki fata da fata, ki rufa ku biyu da busasshen zane, ki sa masa hula. Ki ci gaba da ba shi nono. In bai kai wata 6 ba, nono kaɗai ya ishe shi, kada a ba shi ruwa. Idan kika ji cikinsa ko bayansa da sanyi, ya ƙi kama nono, ko ya yi laushi ba kuzari, wannan alamar haɗari ce, a nemi taimako.

Kada a bar inji a kunne gilasai a rufe don a ji ɗumi, balle in ruwa ko laka ta toshe salansa. Hayaƙin yana ɗauke da guba marar wari marar launi, mutum zai ji ciwon kai da barci, daga nan ba ya farkawa. Haka ma kaskon gawayi a ɗaki rufe. In aka kawo muku wuta a gidan da kuka sauka, ku yi godiya, ku ji ɗumi, amma a fitar da ita kafin a kwanta.

Kada ku fake a jikin katangar ƙasa da ta sha ruwa. Kowace damina ana rasa rayuka a Kano da Jigawa ta hanyar rushewar gini. Ku kuma nisanci turken lantarki da wayar da ta faɗo.

Tudun da kuka gudu kuka hau, macizai da kunamu ma can suka nufa, domin ruwa ya cika ramukansu. Ko Bulus, a cikin itacen da ya tattaro don wutar nan ne maciji ya fito ya kama hannunsa. A haska ƙasa kafin a taka, yara su sa takalmi. In an yi sara, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure wurin tamau. A cire zobe da awarwaro, a hana gaɓar motsi, a nufi asibiti.

Kada kowa ya sha ruwan ambaliya ko ya wanke baki da shi. Ya bi ta masai, ya bi ta turken dabbobi, ya kwaso taki da maganin feshi daga gonaki.

Sai kuma zuciyar yara. Fuskarki suke karantawa. Idan kina kururuwa kina zagin direba, sun san an shiga uku. Ki gaya musu gaskiya daidai hankalinsu: ruwa ya cika hanya, za mu jira ya wuce, Baba yana nan, ni ma ina nan. Ki ba babban aiki, ya riƙe tocila ko ya rarraba biskit. Ku rera waƙar da suka saba rerawa a sujada. Ku yi gajeriyar addu'a da bakin da za su gane, ku sa har da mutanen da ruwa ya shiga gidajensu. Yaron da ya ga uwarsa ta yi addu'a sannan ta tashi ta nemo masa busasshiyar riga ya koyi darasin da zai riƙe har girma.

Lokacin da jira ba shi ne daidai ba

Akwai halin da ba a cewa a bari sai da safe. Mai ciki da ta fara zubar da jini, ko jijjiga, ko naƙuda ta kama ta. Yaron da ke numfashi da ƙyar ko ya suma. Wanda maciji ya sara. Mai ciwon suga da ya fara gumi da rawar jiki da ruɗewa, shi kam a ba shi suga ko abin sha mai zaƙi nan take in yana iya haɗiya. A irin wannan hali a ta da mutanen gari, a kira lambobin gaggawa, a tambayi mai unguwa ko akwai wata hanya ta tudu ko unguwarzoma ko ma'aikacin lafiya a kusa. Mutanen wuri sun san zagayen da baƙo bai sani ba. Ko a nan ma, shiga ruwa mai gudu ƙara yawan masu neman ceto ne kawai.

In kina cikin watan haihuwa a tsakiyar damina kuma akwai kwari tsakaninku da asibiti, ki yi shawara da maigida tun yanzu ko za ki koma wajen dangi da ke kusa da asibiti.

Muryarki a cikin mota

Yawancinmu ba mu ke riƙe da sitiyari ba. Maigida ne, ko ƙani, ko direban haya da ke son ya yi sawu ɗaya kafin dare. Ga kunya, ga gudun a ce mace ta cika tsoro. Namiji kuma, idan wasu maza suna kallonsa a bakin ruwa, juyawa takan yi masa nauyi.

Shi ya sa nake ba da shawara a yi maganar tun a gida, ranar da ba hadari. Ki ce, "Baban yara, mu yi alkawari, duk ranar da muka tarar ruwa ya rufe hanya ba ma ganin ƙasa, za mu tsaya ko mu juya." In ranar ta zo, tuni kawai za ki yi masa a hankali, ba gardama a gaban mutane. A motar haya kuwa kina da ikon cewa, "Direba, don Allah tsaya in sauka da 'ya'yana." Kuɗin motar ya tafi, ba komai. Sau da yawa da mace ɗaya ta yi magana za ki ji sauran fasinjoji sun goyi bayanta, dama kowa jira yake wani ya fara. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Jakar damina

Daga Yuni zuwa ƙarshen Satumba, kada ki fita doguwar tafiya da yara ba tare da waɗannan a cikin leda mai kauri ba: busasshen zane biyu da kayan canji na kowane yaro, hular jariri, ruwan sha, abin ci da ba ya lalacewa kamar ƙuli-ƙuli, dabino ko biskit, tocila, fawa bank mai caji, sabulu, ƙunshin gishiri da suga na ORS, da maganin da wani a cikinku yake sha kullum, na hawan jini ko suga ko asma ko farfaɗiya. Ki rubuta lambobin mutum uku a takarda, domin in waya ta mutu ba kowa ke da su a ka ba. Ki saurari hasashen hukumar NiMet a rediyo kafin ku fita, ku kuma yi sammako don ku dawo kafin hadarin yamma.

Bayan an dawo gida

Aiki bai ƙare ba. A yi wanka da sabulu. Duk wanda ya ji rauni a cikin ruwan a wanke wurin sosai, a je a duba ko yana bukatar allurar tetanus. Ki sa ido a kan yara na mako biyu. Zazzaɓi ya zo, a yi gwajin maleriya kafin a sha magani. Gudawa ta zo, a fara ba da ORS nan da nan. In babu na ƙunshi, ki haɗa lita 1 na tafasasshen ruwa da ya huce da ƙaramin cokali 6 na suga da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe bakin cokalin kada ya yi tozo. A haɗa da ƙwayar zinc na kwana 10 zuwa 14 yadda ma'aikacin lafiya ya tsara. Gudawa mai kama da ruwan shinkafa tare da amai kuwa alamar kwalara ce, ana iya rasa mutum cikin awoyi, a tafi asibiti ana ba shi ORS a hanya.

In wani ya ba ku masauki ko ya tura muku mota, ku koma ku yi godiya, ko da sabulu da goro ne. Ku tafi da yaran su ga fuskar mutanen da suka taimake su. A ƙasar da ake yawan gaya wa yara su ji tsoron wanda ba addininsu ɗaya ba, wannan ziyarar tana da amfani ƙwarai.

Idan ke ma ruwa ya taɓa tare ki a hanya, ki ba mu labari a ƙasa, ki faɗi wurin da kwarin yake domin wata ta kiyaye. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana iyalanmu a fita da shiga. Sai mako mai zuwa, in Ubangiji ya kai mu.